Sunan 'Yar Fari a Shafin Farko

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan Azahar

Wannan littafin ragowar na makaranta ne, irin wanda nake rubuta shirin darasi a ciki kafin in yi ritaya. Na kakkaɓe shi yau don ba ni da wanda zan gaya wa, in kuma na yi shiru cikina zai fashe.

Ta kira da hantsi. Ta-Goggo nake nufi. Ita ce 'yar farina, don haka ban taɓa faɗin sunanta ba, shekara talatin da shida ke nan. Haka na tarar ana yi a gidanmu na Ƙofar Dundaye, haka Innata ta yi da yayana har ta koma ga Allah. Ana yaye ta Goggo Wasila, yayar mijina marigayi Malam, ta ɗauke ta ta raine ta, shi ya sa nake ce mata Ta-Goggo. Ga shi ko a nan, inda ba mai gani sai Allah, na ɗora biro zan rubuta sunan, hannuna ya ƙi.

Shekararta tara a Turai. Karatu ya kai ta, aikin jarida ya riƙe ta a wani ƙaramin gari na bakin teku. Jaridar tasu mako-mako take fitowa, su biyar ne kacal, ofis ɗinsu a saman wani gidan burodi.

Yawanci wayarmu gajeruwa ce. Lahiya? Lahiya lau. Ya zafi? Da godiya. Yau kuwa ta ce, "Inna, sun hana mu shiga zauren majalisar gari."

Na ce, "Su wa?"

Ta ce jam'iyyar masu ƙyamar baƙi, waɗanda suka ci kujerar magajin gari a zaɓen da ya wuce. A watan Janairu wani gida ya ƙone, inda baƙi masu aiki a masana'antar kifi suke kwana. Mutum uku suka rasu. 'Yan sanda suka ce wayar wuta ce. Ita ba ta yarda ba. Mako goma tana bin gida-gida tana ƙwanƙwasa ƙofa, har ta sami wata tsohuwa da ta ɗauki hoto ta taga. Samari ne da jarka, da ƙyallen jam'iyyar ɗaure a damtse, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanin magajin garin ne. Ranar Alhamis suka buga labarin.

Na ce, "To, Allah shi kyauta." Abin da na ce ke nan. Ni da na yi shekara talatin da uku ina koya wa yara yadda ake gina jimla.

Laraba, 9 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Mu'az ya biyo daga Arkilla kafin ya wuce ofis. Shi ne mai bi mata, shi kam ina kiran sunansa har ya gaji. Ya nuna mini hoton jaridar a waya. Ba na jin yarensu, amma sunan mutum ba ya bukatar fassara. Ga shi nan ƙarƙashin kanun labari, da manyan baƙaƙe, nata da na Malam a jere.

Na kau da kai na tambaye shi ko yaran sun koma makaranta.

Da zai fita na ce ya turo mini hoton, wai ina so in ga irin takardar da suke bugawa a kai. Ya dube ni ya yi murmushi, ɗan banza. Tun da ya tafi na buɗe hoton nan ban san sau nawa ba. Ɗiyar nan ta burge ni. To, na rubuta, ba wanda ya mutu.

Juma'a, 11 ga Afrilu, bayan La'asar

Kotu ta ce su cire labarin daga intanet har sai an gama shari'a. Sun cire. Amma shugabar jaridar, wata tsohuwa Baturiya mai suna Marta, ta bar shafin fari fat, ta rubuta layi ɗaya a tsakiya: a nan akwai labarin da aka hana mu ba ku. Kai! Da a makarantata take da na ba ta maki goma bisa goma.

Yau na ga Marta a bidiyo. Ta-Goggo ce ta juya wayar ta ce mu gaisa. Shekararta saba'in da ɗaya, gashi fari gajere kamar na namiji, tabarau rataye a wuya da zare. Ashe Turancina na kwalejin horon malamai bai mutu ba, mun fahimci juna. Masu shaguna sun daina karɓar jaridar, wai an ja musu kunne. Ita kuwa sai ta loda ta a kwandon keke tana kaiwa gida-gida da kanta. Na ce ba ta gajiya? Ta ce gwiwarta ce take gajiya, ita kam a'a.

Abin da ya dame ni da ita ɗaya ne. Ba ta iya yin jimla biyu ba ta ambaci sunan yarinyar ba. Ta yi kaza, ta gano kaza, ba ta da tsoro, ki yi alfahari da ita. A gabana, a gaban ita yarinyar! Na rasa inda zan sa idona, na ce wuta ta ɗauke ne, alhali waya ba ruwanta da wuta.

Litinin, 14 ga Afrilu, da hantsi

An fasa tagar ofis ɗinsu. An kuma liƙa takarda a ƙofar gidan burodin, sunayensu su biyar da adireshin gidajensu. Nata an ja masa layi.

Ba ita ta gaya mini ba, Mu'az ne ya gani a intanet. Da na tambaye ta sai ta yi dariya ta ce dama ofishin yana bukatar iska. Ta ce mai burodin ya hau da tsintsiya ya share musu gilashin, ya kuma ajiye musu burodi mai zafi.

Dariyar ba ta yi mini ba. Irin ta Malam ce lokacin da likita ya gama yi masa bayani.

Laraba, 16 ga Afrilu, bayan Azahar

Zafi yau ba a magana. Na cika randa sau biyu, na yayyafa wa tsakar gida ruwa, kafin in juya ya bushe.

Ina zaune sai ranar rabon kyaututtuka ta faɗo mini. Ta-Goggo tana aji shida, ni ce shugabar makaranta, ni ke kiran sunayen waɗanda suka yi fice. Na kira na uku, na kira na biyu. Da na duba takarda na ga wadda ta zo ta ɗaya, sai tari ya kama ni, na miƙa wa Malam Junaid takardar ya ƙarasa. Iyaye suka yi ta dariya, sun gane, har wata ta yi guɗa tana yaba kunyata. Ta fito ta karɓi littafinta daga hannuna. Ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba. Mun yi daidai, kowa ya ce mun yi daidai.

A shekarar ce ta tsaya gaban mai duba makarantu ta gaya masa cewa rijiyar da aka rubuta an gyara mana ba a gyara ba. Na yi mata faɗa a ofis don idon mutane. Da yamma na aika wa Goggo Wasila da kaza, ban faɗi dalili ba. Goggo ta aiko a ce mini kazar ta isa, kuma wadda aka yi domin ta ta ci cinya biyu.

Allah ya jiƙan Goggo. Ita ce bakina a wurin yarinyar nan. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, tun daga nan duk abin da nake son faɗi yana nan jibge.

Asabar, 19 ga Afrilu, bayan La'asar

Ba ta kira ba. Asabar ce ranar kiranta. Ta ce mini yau 'yan jam'iyyar suna da gangami a dandalin gari, za ta je ta ɗauko rahoto.

Wataƙila caji ne.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da safe

Ba ta kira ba. Na share tsakar gida. Na sake sharewa.

Lahadi, bayan Azahar

Wayarta a kashe. Mu'az ya ce in kwantar da hankalina, amma shi ya zo har sau biyu, kuma bai taɓa abincin da na zuba masa ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya

Marta ta kira Mu'az. Ya fita zaure ya amsa, ya daɗe. Da ya dawo ya tsuguna a gabana kamar mai neman gafara.

Tana da rai. Wannan na fara tambaya, wannan ya fara faɗi. Tana asibiti.

Sauran ba zan rubuta ba. Ya faɗi adadinsu, ya faɗi inda suka tare ta, ya faɗi abin da suka riƙe a hannu. Na ji sau ɗaya, ya isa. Marta ta ce an tsinci jakarta a bakin kwatar jiragen ruwa, littafin aikinta kuwa yana cikin rigarta, ba ta sake shi ba.

Na ce Alhamdulillahi. Na tashi zan ɗora ruwa, na koma na zauna.

Talata, 22 ga Afrilu, da Asuba

Ya Allah, Kai ka san sunan da nake nufi.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan La'asar

Na gan ta. Marta ce ta riƙe wayar.

Ba za ta yi magana ba har mako shida, an ɗaure mata muƙamuƙi da wayar ƙarfe. Da tsinken roba take shan abinci. Idonta ɗaya a buɗe yake, kuma nata ne sak, irin kallon nan na mai jiran ka gama ƙaryarka. Ta ɗaga hannun da ba a naɗe ba ta gaishe ni.

Na ce, "Sannu. Ya jiki?" Na ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Sai na tsaya. Marta tana kallona, tana jiran sauran. Babu saura. Wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo tana kiran sunan da fara'a, ita da ta san ta kwana biyar.

A gefen gadon akwai allo ƙarami da take rubutu a kai. Ta rubuta wani abu ta nuna wa Marta, Marta ta yi tsaki ta share hawaye. Na tambaya. Wai tana tambaya ko an tura rahoton gangamin, don ta gama rabinsa kafin abin ya faru.

Ni dai ban san inda ta samo wannan zuciya ba. Ba a wurina ba. Ni ko ƙadangare ya faɗo ɗaki sai na kira maƙwabta.

'Yan sanda sun ce ba su gane kowa ba. A dandali, da rana tsaka, gaban mutum ɗari.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Mu'az ya zo ko hula bai cire ba ya fara.

"Inna, mi kike jira? Ki ce ta dawo. Na yi magana ta ƙi, kawu ya yi ta ƙi. Ke ɗai ce in kin ce ta taho za ta taho."

Na ce, "Zauna ka sha ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Waɗanga mutane sun sa sunanta a takarda, sun bi ta sun same ta, kuma ba a kama kowa ba. Gobe hwa? Ƙasarsu ce, rigimarsu ce. Mutanen da sunka ƙone ko danginmu ne?"

Na ce, "Dangin wasu ne."

Ya ce ya yi magana da wani abokinsa a jami'a, za a iya samar mata aikin koyarwa a nan. Ta zauna a Arkilla kusa da su, ta koya wa yara aikin jarida, ba mai taɓa ta. Bai faɗi ƙarya ba ko ɗaya. Yaron kirki ne, tsoro ne ya sa shi ɗaga murya, kuma tsoron nan ni ma shi nake kwana da shi nake tashi da shi.

Da zai tafi ya ce, "Da Goggo na da rai da tuni ta yi magana." Wannan ta shige ni. Ya san ta shige ni.

Lahadi, 27 ga Afrilu, da hantsi

Saƙo ya shigo wayata, rubutacce, daga ita. Ba ta saba rubuto mini ba. Na kwafe shi nan yadda yake, har da inda ta manta waƙafi:

"Inna ina kwana. Mu'az ya ce kina son in dawo amma kunya ta hana ki faɗi. Ban taɓa saɓa miki ba kuma ba zan fara yanzu ba. In kin ce in dawo zan dawo da an sallame ni. Amma ranar sha biyu ga watan gobe za a saurari ƙararmu a kotu. Tsohuwar da ta ɗauki hoton ta ce ba za ta tsaya gaban alƙali ba sai ina zaune a wurin, ni ta sani ni ta yarda da ni. In na taho labarin ya mutu ke nan. Ina so in ji daga bakinki ba daga bakin Mu'az ba. Duk abin da kika ce shi ne."

Duk abin da na ce.

Shekara talatin da shida ban ce mata komai ba sai ya jiki, ya zafi, kin ci abinci. Yau an ɗauki ranta da aikinta an ɗora mini a harshe.

Litinin, 28 ga Afrilu, bayan Azahar

Ban amsa ba. Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi duhu, ya watse ba ɗigo.

Talata, 29 ga Afrilu, da safe

Na rubuta "ki dawo". Na goge. Na sake rubutawa, na bar shi a wayar ban tura ba, na je na wanke kwanonin da na riga na wanke.

In ta dawo zan riƙa ganinta kowace Juma'a. Zan dafa mata tuwon shinkafa da miyar sure, in zauna nesa in yi kamar ba kallonta nake ba. Ina son wannan. Wallahi ina son wannan fiye da yadda nake son a yi wa mutum uku da ban sani ba adalci. Allah ya yafe mini, gaskiyar ke nan.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan La'asar

Marta ta kira ni, ni kaina, ba Mu'az ba. Ta ce ba ta kira don ta roƙe ni komai ba. Ta ce da ɗiyarta ce, ba ta san abin da za ta ce ba ita ma. Labari kawai take son ba ni.

Mai maɗaba'ar da ke buga musu jarida shekara ashirin ya ce ba zai ƙara bugawa ba, an yi masa barazana, yana da iyali. Daga baya ya sassauto ya ce zai buga, da sharaɗi ɗaya: a cire sunan yarinyar daga ko'ina. Labarinta ya fito, amma ba suna. Wai sunan ne ke tunzura mutane, sunan baƙi ne, in ba a gan shi ba ƙura za ta lafa. Ya ce don kare ta ne ma.

Na ce a raina, ai mutumin nan yana da hankali.

Marta ta ce ta tattara takardunta ta fita. Ta tuƙa mota awa uku zuwa wani gari, ta sami mai bugawa. Sai ta ɗaga mini shafin farko na jaridar gobe. Su huɗun da suka rage, kowa ya cire sunansa daga labarinsa ya sa nata. Labarin majalisa, nata. Labarin kifi, nata. Har labarin ƙwallo da na yanayin sama. Suna ɗaya tun daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Suna so a daina faɗinsa. To, za su gaji da ganinsa."

Na ce mata ita jaruma ce. Ta ce a'a, tsohuwa ce mai taurin kai, jarumar tana kwance tana shan miya da tsinke. Sai ta tambaye ni wa ya zaɓa mata sunan, don yana da daɗi a baki.

Na ce mahaifinta. Ƙarya na yi. Ni na zaɓa. Ana gobe suna na raɗa wa Goggo Wasila, ita ta kai wa Malam a matsayin shawararta. Sau ɗaya ke nan ya taɓa fita daga bakina, a kunnen mutum ɗaya, kuma ta tafi da shi kabari.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Ba aiki yau, Mu'az ya kawo yaran. Na ba su gyaɗa na kore su waje.

Ba na cewa al'adarmu laifi ce. Innata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba, kuma da ya yi ciwo ita ta yi kwana arba'in ba ta kwanta a gado ba. Kunya ce, ba ƙi ba ne, kowa a gidan nan ya san haka. Ita ma yarinyar ta sani. Mai maɗaba'a tsoro ne ya hana shi, ni girmamawa ce. Ba ɗaya ba ne.

Na rubuta ba ɗaya ba ne, na zauna ina kallon jimlar. Daidai take. Amma ita da ke kwance can, bakinta a ɗaure, abin da ya isa kunnenta daga wurina da daga wurinsa duk shiru ne.

Ta ce tana so ta ji daga bakina.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan La'asar

Na yi.

Mu'az ya zo daga masallaci, na ce ya nuna mini inda ake dannawa a yi saƙon murya. Fuskarsa ta washe, ya ɗauka ya ci nasara. Ya ce bari ya ba ni wuri. Na ce a'a, zauna, ina son shaida.

Na danna. Na yi sallama. Sai sunan ya ƙi fita kamar ranar rabon kyaututtuka, sai dai yau ba Malam Junaid da zan miƙa wa takarda. Na ga lambobin suna tafiya, daƙiƙa biyar, goma, ba abin da ake ji sai kukan kurciya a kan darbejiya.

Sai na kira ta. Da sunanta. Sau uku, yadda ake kiran mutum in za a gaya masa magana mai nauyi.

Mu'az ya sunkuyar da kai kamar ya ga abin da bai kamata ya gani ba.

Hausar littafi ta gudu ta bar ni, ta gidanmu ce ta fito. Na ce, "Ni ce Innarki. Ni na zaɓa miki sunan ga, ba Malam ba, ba Goggo ba. Ina jin tsoro, ba ni ɓoye miki, tun ranar da anka taɓa ki ban yi barcin kirki ba. Ina son ki dawo. Amma ban ce ki dawo ba. Ki zauna ki kai tsohuwar nan gaban alƙali, ki riƙe mata hannu. In kin ƙare, ki taho in gan ki. Kin burge ni tun kina aji shida, ni ce na aiko da kazar. Allah shi tsare ki, Allah shi yi miki albarka."

Na saki. Ya tafi. Ba a dawo da shi.

Mu'az ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce, "Inna, in wani abu ya same ta hwa?"

Na ce, "To da bakina na yi, ba da naka ba. Ni zan ɗauka."

Bai yi sallama ba da zai fita. Ban ga laifinsa ba. Zai yiwu shi ne mai gaskiya, kuma in haka ne ba ni da inda zan sa kaina har in mutu. Na san wannan kafin in danna.

Alamar nan ta nuna ta saurara. Ba amsa.

Asabar, 3 ga Mayu, da hantsi

Na share tsakar gida sau ɗaya.

Marta ta turo hoto. Mutane a layi a ƙofar gidan burodi, kowa da jarida a hannu, mai burodin ya ajiye su kan kanta kusa da burodinsa. Ta ce jaridar ta ƙare tun kafin azahar ɗinsu, za ta sake komawa garin can. Da gwiwar nan tata. Allah ya ƙara wa tsohuwar nan lafiya.

A ƙarƙashin hoton akwai wani saƙo, ba daga Marta ba. Na murya ne, daƙiƙa biyu. Na ce ai likita ya hana ta magana, ko kuskure ta yi ta danna. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na kara a kunne.

Ta cikin haƙora ya fito, da ƙyar, kamar mai magana a bayan bango.

"Na'am, Inna."

Na saurara har wayar ta yi zafi. Saura kwana tara a shiga kotu, kuma tsoron yana nan inda yake, bai ragu ba. Amma na ɗauko biro, hannuna bai ƙi ba.

Zakiyya.